Ƙananan itatuwan fure na ƙarshen damina: waɗanda ba sa neman wahala, da yadda ake kafa su

Daga tsakiyar Agusta zuwa farkon Oktoba, tsakar gidaje da yawa a Kano, Zariya, Katsina da Maraɗi kan yi kore shar, amma fure babu. Dalili kuwa kusan kowa abu ɗaya ya dasa, wato bogenbiliya, mai ƙaya ɗin nan da ke hawa katanga. Ita kuma ba 'yar damina ba ce. Muddin ƙasa na da danshi, ganye da reshe kawai take zubawa, sai ruwa ya ɗauke ta ji ƙishi, daga Nuwamba zuwa Maris, sannan ta rufe katanga da ja ko ruwan hoda. Haka ma kariya, wadda ta mu ce ta asali a wannan yanki, furenta na rani ne, lokacin da ta kaɗe ganye. Wanda ke son launi a ƙarshen damina sai ya nemi itatuwan da ke fure a kan sabon toho, waɗanda ruwan Yuli ke tayar musu da reshe, reshen kuma ya ƙare da fure bayan mako shida zuwa takwas.

Na farko a wannan sahu shi ne Caesalpinia pulcherrima, furen da ƙasar Barbados ta ɗauka a matsayin furen ƙasa, shi ya sa masu sayar da fulawa a bakin titi ke kiransa da sunan ƙasar. Ganyensa ƙanana ne jere-jere irin na tsamiya, furen ja da ruwan lemo mai dogayen zare, akwai kuma mai ɗorawa zalla. Tsayinsa mita 2 zuwa 3. A ganina babu wanda ya kai shi dacewa da ƙasar jigawa da ranar Arewa. Daga iri ake samunsa cikin sauƙi, sai dai ƙwayar tana da tauri, don haka a ɗan goge gefenta da dutse ko a zuba mata ruwan zafi a bar ta ta kwana a ciki, za ta tsiro cikin mako ɗaya zuwa biyu. Saiwarsa guda ce doguwa mai nutsewa ƙasa, ita ce sirrin jurewarsa ga fari, ita ce kuma dalilin da ya sa babba ba ya son a cire shi a sake masa wuri. A shuka shi inda zai zauna, ko a dasa shi tun yana ƙasa da santimita 40. A inuwa ba ya fure ko kaɗan, yana buƙatar rana ta aƙalla awa shida. Yana da 'yar ƙaya a jiki, kuma 'ya'yansa na ɓata ciki, a hana yara taunawa.

Na biyu tekoma, Tecoma stans, mai fure rawaya kamar bakin algaita, tsumbu-tsumbu a kan reshe. Asalinta nahiyar Amurka. Ƙarfin furenta yana zuwa daidai lokacin da ruwa ke ja da baya, Satumba zuwa Nuwamba, kuma zuma na son ta ƙwarai. Idan aka ƙyale ta za ta kai mita 4 ko fiye, ta yi ƙafa tsirara, furen ya koma can sama inda sai maƙwabci ne zai more shi. Maganin haka datsewa sau ɗaya a shekara. Aibinta ɗaya: bayan fure takan rataya dogayen kwansuna masu bushewa su yi launin ƙasa, su ɓata mata kyau, iska kuma ta watsa irin ko'ina. A Afirka ta Kudu har an sanya ta cikin tsiron da doka ta ce a kawar saboda mamaye daji. A cikin gida, cire kwansunan tun suna ɗanye ya wadatar, kuma yin hakan na sa ta sake wani zubin furen.

Lantana kowa ya san ta ko da bai san sunan ba: ganye mai kaushi da wari idan an murza, fure ƙanana a dunƙule, rawaya da ja da ruwan hoda a dunƙule ɗaya. Tun daga Yuli take fure har cikin hunturu, malam-buɗe-littafi ba ya rabuwa da ita, ba ta neman taki, kuma mako biyu ba ruwa ba ya kashe ta. To amma a yi hattara da ita. Ganyenta na lalata hantar shanu da tumaki, dabba ta yi shawara, fatar hanci da kunne ta riƙa saɓulewa idan rana ta buge ta. Ɗanyun 'ya'yanta kuma guba ne ga yara. Tana cikin jerin tsiro da dabbobi 100 mafi ɓarna wajen mamaye ƙasa da ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta fitar, Indiya da Ostireliya sun daɗe suna fama da ita. Idan za a dasa, a nemi gajeriyar nan mai rawaya zalla wadda ba ta cika yin 'ya'ya ba, ko mai rarrafe mai launin shuɗi-shuɗi, a kuma tsaya da ita cikin gida. Kada a kai ta gona ko bakin burtali da sunan shinge.

Akwai wata 'yar uwar tafasa da rai-ɗore, Senna alata, da ba a cika kulawa da ita ba. Ganyenta manya ne, suna rufewa da dare, furen kuma tsaye yake kamar kyandir rawaya, daga Satumba zuwa Nuwamba. Ita ta fi son danshi, saboda haka wurinta shi ne lungun da ruwan indararo ke sauka ko gefen magudanar wurin alwala, inda furen Barbados zai ruɓe. Da rani takan yi kaca-kaca, sai a sare ta ƙasa-ƙasa ta sake fitowa. Mutane da dama sun san ganyenta ne wajen shafawa a kan makero.

Sai lalle. Mun saba ganinsa a matsayin amfanin gona, amma itacen da aka bari bai sha yanka ba yana fitar da fure ƙanana farare masu ƙamshin da ke cika tsakar gida da yamma. Ba shi da launi mai ɗaukar ido, amma wajen juriya ga zafi da ruwa mai gishiri-gishiri ba a haɗa shi da baƙin furanni. Idan shinge ake so, tazarar santimita 50. Idan fure ake so, mita 2, kuma uwargida ta haƙura da tsinke kan reshe, ta ɗebi ganye daga ƙasa. A kusa da shi ana iya sa Jatropha integerrima, 'yar uwar bini-da-zugu daga ƙasar Kyuba, mai ƙananan fure ja jawur kusan duk shekara. Reshe ake yanka a kafa, 'ya'yanta dai ba a ci.

Yawan ruwan sama ne ke raba abin da zai yi wa kowa sauƙi. Damagaram na samun wajen milimita 400 a shekara, Sakkwato wajen 600, Kano wajen 800, Kaduna da Jos sun haura 1,000. Alamanda, mai faffaɗan fure rawaya da ganye mai sheƙi, a Kaduna da Abuja kusan ita ke kula da kanta, kuma Agusta zuwa Oktoba ne lokacinta. A Katsina ko Maraɗi za ta yi kyau da damina, sannan ta cinye maka jarkoki da bazara. Haka furen nan ɗan uwan zoɓo da kuɓewa, Hibiscus rosa-sinensis: kyakkyawa ne, amma shan ruwa gare shi, farin ƙwaro mai kama da auduga na manne masa a kan toho, awaki kuma ba sa wuce shi. Iksora, mai dunƙulen fure ja, ƙasa mai tsami take so. Sababbin gidajenmu kuwa tsakar gidansu cike take da ɓaraguzan siminti, wanda ke kashe tsamin ƙasa, sai saiwa ta kasa jan sinadarin ƙarfe, sabon ganye ya fito rawaya jijiyoyinsa kore. Mai gida ya ɗauka yunwa ce ya ƙara taki, abin bai canja ba. Waɗannan ukun ban sa su cikin marasa wahala ba ga wanda ke arewa da Zariya.

Oliyanda, mai siririn ganye kamar mashi da fure ruwan hoda ko fari, tana da juriya kam, shi ya sa ake jera ta a tsakiyar tituna. Amma duk jikinta guba ce mai taɓa zuciya, ɗanye da busasshe, kuma ganye cikin tafin hannu na iya kashe babbar dabba. Gidan da ake ɗaure ragon layya ko ake da masu rarrafe, a bar ta. Wanda ya riga ya dasa kada ya zubar da reshen da ya yanka a bola inda awaki ke kiwo, kada ya sa shi a murhu, kada kuma a yi tsinken tsire da shi.

Rashin wahalar da ake magana, a ranar dashe ake sayensa. Lokacin da ya fi shi ne daga tsakiyar Yuni zuwa ƙarshen Yuli, bayan ruwa ya zauna, domin shukar ta samu mako shida zuwa takwas na ruwan sama kafin ya ɗauke. A Kano tsakiyar Agusta ne iyaka. Wanda ya dasa a ƙarshen Satumba ya ɗaukar wa kansa ban-ruwa na wata takwas ga shukar da saiwarta ba ta bar cikin leda ba. Amfanin Satumba shi ne zagayawa unguwa a ga abin da ke fure a gidajen da ba su da mai lambu, domin abin da ya rayu a irin ƙasarka ba kulawa shi ne abin dasawa.

Wajen saye, ƙaramar shuka mai santimita 30 zuwa 40 ta fi babba mai fure. A ɗaga ledar a duba ƙasanta. Idan saiwa ta huda leda ta shiga ƙasa har sai da mai sayarwa ya fizge, rabin saiwar ya tsaya can, shukar za ta yi yaushi bayan kwana biyu. A kuma ɗan ja tushen a hankali: wani lokaci reshe ne aka soka a leda makon da ya wuce, ganyen da ke jikinsa na tsohon ƙarfi ne, saiwa ko ɗaya babu. Mai saiwa zai riƙe ƙasa, marar ita zai taho. A juya bayan ganye ko akwai farin ƙwaro, don shuka ɗaya mai shi ta isa ta raba wa gida duka.

Ramin ya zama santimita 50 faɗi, 50 zurfi, nesa da ginin ɗaki da aƙalla mita 1, nesa da ramin sokawe da mita 2. Tsakanin furen Barbados ko tekoma da ɗan uwansa mita 1.5 zuwa 2, lantana santimita 80. A tsince duk ɓaraguzan siminti da bulo. Kafin a sa komai, a cika ramin da ruwa da yamma a duba da safe. Idan ya tsotse, madalla. Idan har yanzu ruwa na kwance, ƙasar laka ce ko akwai marmara a ƙasa, kuma irin wannan rami da marka tukunya yake zama, saiwa ta shaƙe ta ruɓe cikin 'yan kwanaki. Zuba yashi a cikin ramin ba ya magani, ruwan dai ba shi da mafita. Abin yi shi ne a fasa marmarar da diga idan ba ta da kauri, ko a tara tudu mai tsayin santimita 25 zuwa 30 da faɗin mita 1 a dasa a kansa. Kariya kam ko a jigawa tudu take so, ko tukunya mai huji wadda rabin ƙasarta yashi ne da tsakuwa, domin ruwan Agusta ne ke kashe ta, ba rani ba.

Ƙasar cikawa: kwano biyu na ƙasar sama, kwano ɗaya na takin gargajiya da ya ruɓe sarai, wanda ya yi baƙi ya daina wari da zafi. Ɗanyen kashin kaji na ƙona saiwa. Busasshen kashin shanu da bai ruɓe ba, mai haɗe da kara, gayyatar gara ne, kuma takin bola sau da yawa da gwazarma yake zuwa, a tankaɗe shi. A tsaga leda da reza daga gefe, kada a zare shukar ta sama, musamman bogenbiliya da saiwarta ke karyewa da zarar ƙasar ta wargaje. A daidaita wuyan shukar da bakin ƙasa yadda yake a leda. Binne wuya da zurfi na cikin manyan abubuwan da ke kashe dashe a hankali, ɓawon tushe ya jiƙe ya ruɓe, bayan wata biyu a ga shuka ta bushe ba dalili. A danne ƙasa da hannu, a yi mata ɗan kwano a kewaye, a zuba bokiti ɗaya ko da ana sa ran hadari.

Gara ta fi kama shukar da ta riga ta galabaita, da ƙishi ko da rauni a saiwa. Rufe gindin shuka da buntun shinkafa, ɓawon gyaɗa ko busasshen ganye na rage ƙafewar ruwa sosai, kaurin santimita 5 ya isa, amma a bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da tushe. Kara da guntun katako kada su kusanci wurin. Tokar murhu cikin hannu ɗaya da dakakken 'ya'yan darbejiya a kewaye suna taimakawa, sai dai ba sa hana gara mai gida a kusa, sai an nemo shurin. Kuma kada a zuba wa iksora toka, ƙara mata ciwon ake yi. Awaki kuwa ba su da magani sai a killace shukar: ragar waya mai tsayin mita 1.2 da turaku uku, ko da'irar bulo da aka jera da ramuka don iska, har shekara guda.

Ban-ruwa na shekarar farko shi ne ainihin aikin. Da ruwa ya ɗauke, kowace shuka lita 10 sau biyu a mako har ƙarshen Nuwamba, sau ɗaya a mako cikin sanyin Disamba da Janairu, a koma sau biyu daga Maris zuwa saukar ruwa. Shuka goma ke nan lita 200 a mako a lokacin zafi, jarka takwas ta lita 25 wajen 'yan ga-ruwa, a yi wannan lissafi kafin a sayi shuka talatin. Daga shekara ta biyu furen Barbados, tekoma, lantana da lalle na wadatuwa da bokiti biyu duk kwana goma zuwa sha huɗu. Yayyafin buta kowace safiya ya fi komai ɓarna, domin saman ƙasa kawai yake jiƙawa, saiwa ta taru a nan, ranar da aka yi tafiya ta kwana uku zafin Afrilu ya dafa ta. Ruwa mai yawa jefi-jefi ne ke tura saiwa ƙasa. Wanda ba ya zama gida zai iya binne tulun ƙasa marar fenti mai cin lita 10 har wuya, tazarar santimita 30 daga tushe, ya cika ya rufe bakin saboda sauro. Ruwan na tsatsafowa ta jikin tulun, cikawa ɗaya kan kai kwana huɗu zuwa mako. Ruwan alwala da na wankin shinkafa duk suna da kyau. Ruwan wanki mai sabulun gari yana tara gishiri a ƙasa, gefen ganye ya riƙa ƙonewa.

Game da takin zamani, kaɗan ne. NPK 15-15-15 cikin kwalin ashana ɗaya ga kowace babbar shuka, a farkon damina, a barbaɗa a da'ira nesa da tushe da santimita 30 a rufe da ƙasa. Yuriya ba ta da wuri a nan, ganye take haifarwa, fure ya gudu, kuma lallausan tohon da take kawowa shi ɗarɓa ke so. Bayan tsakiyar Satumba kada a sa kowane taki, sabon toho ba zai yi ƙwari ba kafin iskar hunturu ta busar da shi. Rawayar ganye ma iri-iri ce. Tsofaffin ganye na ƙasa su yi rawaya bai ɗaya, yunwa ce. Sababbi su yi rawaya da koren jijiya, matsalar siminti ce ko ruwan burtsatse mai farar ƙasa. Shuka ta yi yaushi alhali ƙasa jiƙe take, ruwa ne ya yi yawa, a buɗe masa hanya a daina ƙarawa.

Idan ɗarɓa ko farin ƙwaro suka bayyana, yawanci a Oktoba, a daka busassun 'ya'yan darbejiya da aka ɓare, gram 50 a lita ɗaya ta ruwa, a jiƙa ya kwana, a tace da ƙyalle, a ɗiga sabulun ruwa kaɗan, a fesa da yamma har bayan ganye, a maimaita bayan mako guda. Fesawa da tsakar rana na ƙona ganye. Reshen da farin ƙwaro ya lulluɓe gara a yanke shi a binne.

Kuskuren da ya fi hana waɗannan itatuwa fure shi ne aski. A gidaje da ofisoshi da yawa mai lambu na bi da babban almakashi duk mako biyu yana mayar da kowace shuka ƙwallo ko akwati. Tunda a kan reshe furen ke fitowa, kowane aski zubar da furen wata mai zuwa ne. Askin ya dace da shingen rawayan ganyen nan, duranta, wanda dama don siffa aka dasa shi. Masu fure sau ɗaya ake datse su, a ƙarshen Afrilu zuwa Mayu, gab da saukar ruwa. Furen Barbados da Senna alata a sare su zuwa santimita 50 ko 60 daga ƙasa, tekoma zuwa mita 1, lantana a rage rabinta. A yi yankan a karkace da wuƙa mai kaifi, ɗan sama da ido, wato gurbin da toho ke fitowa, a fara cire matattun rassa da masu gogar juna. Da hunturu ba a datsewa, ko da shukar ta kaɗe ganye ta yi kamar ta mutu. A kankare ɓawon da farce, idan ƙarƙashinsa kore ne tana nan da ranta. Bogenbiliya ce kawai ake rage wa dogayen rassa a ƙarshen damina, sannan a janye mata ruwa na mako uku zuwa huɗu har ganye ya fara laushi, a nan take ɗaure fure.

Wanda ke son ƙara yawan shuka ba tare da saye ba, Yuli da Agusta ne lokacin kafa reshe, saboda iska na da laima. A yanko mai kaurin fensir, tsawon santimita 20 zuwa 25, mai ido huɗu ko biyar, a zage ganyen ƙasa, a soka rabinsa a leda mai yashin rafi kashi biyu da ƙasa kashi ɗaya, a ajiye a inuwa mai haske. Lantana da Jatropha integerrima kan yi saiwa cikin mako uku zuwa huɗu, bogenbiliya da lalle mako shida zuwa takwas, kuma ba duka ke kamawa ba, a kafa ninki biyu na abin da ake bukata. Reshen kariya sai an bar bakin yankan ya bushe a inuwa na kwana huɗu zuwa mako, a kuma wanke hannu daga ruwanta. Irin furen Barbados a tsinke kwanson da ya yi launin ƙasa kafin ya fashe da kansa, a Nuwamba, a adana cikin kwalba busasshiya har Mayu. Na tekoma ba ya daɗewa da ƙarfinsa, gara a shuka shi a leda cikin wata biyu ko uku da tsinkewa, a rene shi a inuwa har ruwa ya sauka.